Tambaya: An ƙara Zungeru a kan Kainji, Jebba da Shiroro, to ina wutar take tsayawa?

Mai Injin Casa, Kura:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mazauna wannan zaure. Ina da tambaya ga waɗanda Allah ya ba sanin aikin lantarki, kuma ina roƙon a yi mini bayani dalla-dalla, domin ba karatun injiniya na yi ba. Sana'ata casar shinkafa ce, kuma kamar kowane mai inji a wannan yanki, kuɗin man dizal ne yake cinye mafi yawan abin da ya kamata ya zama riba, saboda wutar gwamnati ba ta zama tsawon lokacin da za a dogara da ita, idan kuma ta zo, sau da yawa ba ta da ƙarfin da za ta tayar da manyan injina.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne lissafin da na yi da kaina. Kainji tana da injinan da aka ce za su iya ba da megawat 760, Jebba 578, Shiroro 600, ga kuma Zungeru da aka kammala daga baya da megawat 700. Jimillarsu ta haura megawat 2,600, kuma dukkansu a Arewa suke, uku a cikin jihar Neja, ɗaya a kan iyakarta da Kwara. Lokacin da aka sanar cewa Zungeru ta fara aiki, mun ɗauka za mu ga bambanci a Kano, amma ba mu ga abin da ya taka kara ya karya ba. Maimakon haka, a watan Oktoba na 2024 sai da jihohin Arewa da yawa suka yi fiye da mako guda cikin duhu, alhali madatsun suna cike da ruwan damina.

Saboda haka tambayata kashi biyu ce. Na farko, waɗanne kayan aiki ne suke tsakanin ruwan da yake zuba a madatsa da wayar da ta shigo masana'antata, kuma wanne ne a cikinsu yake gazawa? Na biyu, idan gwamnati tana da kuɗin aiki ɗaya kacal, gina sabuwar madatsa irin Mambilla ya fi, ko gyara abin da yake ɗauko wutar? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Injiniya, Kaduna:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Tambayarka ta dace, lissafinka kuma daidai yake, sai dai adadin da ka haɗa shi ne iyakar abin da injinan za su iya bayarwa idan dukkansu suna da lafiya kuma ruwa ya wadata a lokaci guda, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Ƙarfin wutar madatsa ya dogara ne a kan abubuwa biyu, wato yawan ruwan da yake wucewa da kuma tsawon gangaren da yake faɗowa. Ruwa mai yawan mita ɗaya ta kowane ɓangare, idan yana wucewa a kowace daƙiƙa kuma yana faɗowa daga tsawon mita 100, yana ba da abin da ya kusa kilowat 900. Kainji da Jebba sun dogara ga yawan ruwa, Shiroro kuwa ta fi dogara ga tsawo. Kogin Neja yana da wata baiwa da kogin Kaduna ba shi da ita, domin sau biyu yake cika a shekara: farin ruwa na daminar kusa yana zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba, baƙin ruwa kuma, wanda ya taso daga tsaunukan Gini ya daɗe yana ratsa fadamun Mali, yana isowa da sanyin hunturu. Shiroro da Zungeru damina ɗaya suke samu, don haka dole a riƙa tattalin ruwansu har zuwa bazara, lokacin da zafi ya fi tsanani kuma buƙatar wuta ta fi yawa.

Yanzu mu bi wutar daga inda aka haife ta. Ruwa yana juya farfela, farfela tana juya janareto, janareto kuma yana fitar da wuta da ƙarfin da bai wuce kilobolt goma sha wani abu ba. Da a ce haka za a tura ta, da ta ƙare a hanya, ta zama zafi a jikin waya. Shi ya sa ake da babbar taransifoma a bakin kowace tasha, wadda take ɗaga ƙarfin zuwa kilobolt 330. Dalilin yana cikin lissafi: idan ka ɗaga ƙarfin wuta sau goma, yawan wutar da take gudana a cikin waya don isar da aiki iri ɗaya yana raguwa sau goma, asarar da ake yi a hanya kuma tana raguwa sau ɗari. Daga nan sai manyan turakun ƙarfe su ɗauke ta, wayoyin suna rataye a jikin jerin tangaran ko gilashi, har zuwa manyan tashoshi irin Mando a nan Kaduna da Kumbotso a wajenku. A can ake sauke ta zuwa 132, a kai ta tashoshi irin Ɗan Agundi da Dakata, a sake sauke ta zuwa 33. A nan aikin TCN, kamfanin gwamnati mai kula da manyan layukan dakon wuta, yake ƙarewa, na kamfanonin rarrabawa ya fara: daga 33 zuwa 11, daga 11 zuwa taransifomar unguwa, wadda take ba ka bolt 415 na injinanka da 230 na fitilar gida. Kowane mataki yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ne yake yanke hukuncin abin da zai iso gare ka.

Abin da ido yake gani ke nan. Akwai kuma kayan da ba a cika maganarsu ba, waɗanda a ganina su ne ainihin amsar tambayarka. Akwai bireka, wadda take yanke layin da ya sami matsala cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Akwai na'urorin tsaro da suke ba ta umarni, da ƙananan taransifomomin awo da suke gaya wa na'urorin tsaron abin da yake faruwa a kan waya. Idan waɗannan suna da lafiya, bishiya ta faɗa kan layi a Neja, layin nan kaɗai za a cire, sauran ƙasa ba za ta ma sani ba. Idan kuwa sun tsufa ko ba a daidaita su ba, matsalar wuri ɗaya takan ja ƙasa gaba ɗaya. Misali yana nan kusa: a ranar 19 ga Oktoba 2024, fashewar taransifomar awo guda ɗaya a tashar Jebba ce ta durƙusar da babban layin ƙasa, kamar yadda NERC, hukumar da take sa ido a kan harkar lantarki ta ƙasa, ta bayyana. Kuɗin wannan na'ura ba komai ba ne idan aka kwatanta da dala biliyan 1.3 da aka kashe a Zungeru.

Dalilin da ya sa abu ɗaya yake iya kayar da kowa shi ne cewa duk janaretocin da suke kan layin ƙasa, daga Kainji har Egbin ta Legas, dole su yi bugu ɗaya, sau 50 a kowace daƙiƙa, kamar mata masu lugude a turmi guda, waɗanda idan ɗaya ta saɓa, taɓarya za ta haɗu da taɓarya. Ƙa'idar aiki ta ce bugun ya tsaya tsakanin 49.75 da 50.25. Idan babbar tasha ta fita ba zato, bugun yana faɗuwa, kuma idan babu wasu injina da aka bari da sauran ƙarfi a ajiye don su cike giɓin nan take, sai sauran su riƙa cire kansu ɗaya bayan ɗaya domin kada su lalace. A nan ne darajar madatsar ruwa take, domin injinta yana iya ƙara ƙarfi cikin ɗan lokaci da zarar an ƙara buɗe wa ruwa ƙofa, kuma yana iya tashi da kansa ba tare da wutar waje ba, shi ya sa bayan kowace durƙushewa tashoshin ruwa suna cikin waɗanda ake fara tayarwa. Amma cibiyar kula da layin ƙasa da take Osogbo tana buƙatar ta riƙa ganin kowace tasha a kan allo kuma ta iya ba da umarni daga nesa, ta tsarin da ake kira SCADA, kuma shekara da shekaru wannan tsari bai game dukkan tashoshin ƙasar nan ba, har ya zama wani sashe na aikin ta wayar tarho ake yinsa.

Sai babbar matsalar Arewa, wadda ita ce siffar layin kansa. A Kudu layukan 330 sun yi zobe, ta yadda idan hanya ɗaya ta yanke, wuta za ta zagaya ta wata. A Arewa kuwa reshe ne mai tafiya gaba ɗaya: daga Shiroro zuwa Mando, daga Mando zuwa Kumbotso, wani reshen kuma ya nufi Jos, Gombe, Damaturu har Maiduguri. Zungeru ba ta zo da sabuwar hanya zuwa Kano ba. An haɗa ta ne da layin da ya taso daga Jebba zuwa Shiroro, don haka duk abin da za ta aiko muku sai ya bi ta ƙofar da take nan tun da. A 2024 an lalata turakun layin Shiroro zuwa Mando, rashin tsaro a dajin ya hana a shiga gyara da wuri, sai nauyin Arewa ya koma kan layin da ya taso daga Ugwuaji ta Enugu ya bi ta Apir kusa da Makurdi zuwa Jos. Da shi ma ya faɗi a ranar 21 ga Oktoba, babu hanya ta uku. Ruwa yana nan, injina suna nan, amma babu inda wutar za ta bi. Mutanen Maiduguri sun riga kowa ɗanɗana wannan tun Janairun 2021, lokacin da aka tarwatsa turakun layin Damaturu, har sai da aka gina musu tashar iskar gas mai megawat 50 a cikin gari.

Game da ƙorafinka na wuta marar ƙarfi, wannan ma tsawon layi ne yake jawo shi. Dogon layi idan an ɗora masa kaya da yawa, ƙarfin wuta yana zubewa kafin ya kai ƙarshe, idan kuma kayan sun yi kaɗan da tsakar dare, ƙarfin yana hawa fiye da kima. Maganin na farko shi ne kafasita, na biyu kuma riyakta, akwai kuma na'urorin zamani da suke yin aikin biyun da kansu. Kano tana ƙarshen reshe kuma ba ta da babbar tashar samar da wuta a kusa, saboda haka tana cikin garuruwan da suka fi ko'ina buƙatar waɗannan kaya.

Malamin Makaranta, Maraɗi:

Gaisuwa ga Injiniya, Allah ya ƙara sani. Ina so in ƙara da abin da muke gani daga wannan gefe na iyaka, domin mu ne muke can ƙarshen reshen da ya ambata. Wutar Yamai da Doso tana zuwa ne ta layin kilobolt 132 da ya taso daga Birnin Kebbi, wanda yake aiki tun 1976, ita kuma Birnin Kebbi daga Kainji take sha. Mu a Maraɗi da Damagaram tamu tana shigowa ne daga Katsina ta Gazawa. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin NIGELEC yake rabawa daga Najeriya take fitowa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin shekarar aka yanke ta a farkon Agusta, ba a maido ba sai a Maris na 2024, kuma a waɗannan watanni kowa ya gane cewa ƙasar da take rataye a kan waya ɗaya ba ta da iko da darenta.

Shi ya sa muke sa ido a kan madatsar Kandaji da ake ginawa a kan kogin Isa, wato kogin Neja, a jihar Tillaberi, kimanin kilomita 180 daga Yamai. An aza harsashinta a 2008 zamanin Shugaba Tandja Mamadou, aikin ya tsaya a hannun kamfanin Rasha na farko, aka sake tayar da shi a 2019 da kamfanin Gezhouba na ƙasar Sin, sannan ya sake samun tsaiko bayan takunkumin 2023. Megawat 130 ake sa ran za ta bayar, tare da ruwan noman rani da kuma tabbatar da cewa kogin bai ƙafe a Yamai da bazara ba. Na san wasu a Najeriya suna fargabar za ta rage wa Kainji ruwa, amma ruwan da tafkin Kandaji zai riƙe kimanin kashi ɗaya cikin goma ne na wanda tafkin Kainji yake riƙewa, kuma ruwan da ya juya farfela ba ya ɓacewa, gaba yake yi. Abin da zai ragu shi ne wanda aka ɗiba don noma da wanda rana ta shanye, wannan kuwa magana ce da ya kamata ƙasashen kogin su zauna a kanta da alƙaluma a hannu.

Amma abin da ya sa na sa baki shi ne in gaskata maganar Injiniya da misalinmu. Layukan Nijar ba a haɗe suke ba. Yankin kogi daban, yankinmu na tsakiya daban, Agadas tana shan wutar kwal ta SONICHAR, Diffa ma tana gefe guda. Ko gobe aka kammala Kandaji, layin da aka tsara mata Yamai zai kai ta, kuma ɗan Maraɗi ba zai ga ko ƙyallinta ba sai an gina layin da zai haɗa yankunan biyu. Haka nan babban layin 330 na haɗin gwiwar Afirka ta Yamma, wanda zai taso daga Birnin Kebbi ya bi ta Yamai zuwa Wagadugu tare da reshe zuwa Malanville ta Benin, amfaninsa zai dogara ne a kan ko Birnin Kebbi kanta tana da wutar da za ta bayar.

'Yar Minna Mai Lissafi:

Baba Injiniya, na karanta bayaninka da natsuwa kuma na ƙaru, amma ina neman izini in saɓa maka a wuri ɗaya. Ka nuna kamar idan aka sayi kayan da suka dace, wuta za ta isa Kura. Ni aikina lissafin kuɗi ne, kuma abin da nake gani shi ne cewa ko da layin yana da lafiya, akwai rabo kuma akwai bashi, waɗannan biyun kuwa babu taransifomar da take gyara su.

Wutar Zungeru ba ta Arewa ba ce don kawai a Arewa aka samar da ita. Tana shiga tukunya ɗaya da ta tashoshin iskar gas na Kudu, waɗanda su ne suke ba da mafi yawan wutar ƙasar, sannan a raba wa kamfanonin rarrabawa goma sha ɗaya, waɗanda aka sayar da mafi yawansu a Nuwamban 2013. A tsarin rabon da aka daɗe ana bi, kamfanin Kano, mai kula da Kano, Katsina da Jigawa, kashi 8 cikin ɗari yake samu, na Kaduna ma 8, na Jos 5.5, na Yola 3.5, alhali Ikeja kaɗai tana da 15. Idan ƙasa ta samar da megawat 4,500, rabon jihohi ukun nan 360 ne. Idan Zungeru ta ba da 700 ɗinta cif, kuma babu wata tasha da ta rage nata, abin da zai ƙaru a rabon su Alhaji megawat 56 ne, a raba wa jihohi uku. To ta yaya zai ga bambanci? Ga shi kuma sau da yawa ƙarin da ruwa ya kawo yana cike gurbin tashar gas da ta tsaya ne saboda ba a biya mai ba ta gas ba. A 2025 kamfanonin samar da wuta sun ce bashin da suke bi ya kai naira tiriliyan 4. Kusan rabin masu amfani da wuta ba su da mita, kuɗin da ake tarawa bai kai na wutar da aka raba ba, kamfanin da bai tara kuɗi ba kuwa ba zai sayi sabuwar taransifoma ba, wani lokaci ma yakan ƙi karɓar wutar da aka ba shi idan ya san unguwar da za ta je ba za ta biya ba.

Akwai kuma abin da yake ci mini rai a matsayina na 'yar wannan jiha. An tashi dubban mutane daga garuruwansu domin tafkin Kainji, tsohuwar Bussa tana ƙarƙashin ruwa tun 1968, kuma duk shekarar da aka buɗe ƙofofin madatsun da damina, gonakin mutanen da suke ƙasa da su ne suke nutsewa. Duk da haka akwai ƙauyuka da manyan wayoyin suke ratsawa ta samansu, su kuwa da fitilar hannu suke kwana. Na fahimci cewa ba a jan wutar gida kai tsaye daga layin 330, sai an gina tashar saukewa da layin 33 da ƙananan taransifomomi. To ai wannan shi ne dalilin da ya sa ya kamata a rubuta su cikin kuɗin aikin tun ranar farko, a ɗauke su a matsayin wani ɓangare na madatsar, maimakon a bar wa HYPPADEC, hukumar raya yankunan da madatsun wuta suka shafa, ta zo daga baya tana ƙoƙarin cike giɓin da kasafin da ba zai isa ba.

Mai Injin Casa, Kura:

Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya biya ku. Lissafin Hajiya na megawat 56 ya warware mini abin da ya daɗe yana damuna. Amma Injiniya, ranka ya daɗe, ba ka taɓo kashi na biyu na tambayata ba, kuma ina so in ƙara wani a kai. Mu nan madatsar Tiga ce take ba mu ruwan noman rani, ga kuma Challawa a Karaye, kuma gwamnatin jiha ta sa injinan wuta a Tiga. Shin irin waɗannan ƙananan ayyuka za su iya riƙe masana'antu irin namu ba tare da mun jira Shiroro ba, ko kuwa ƙarfinsu bai kai a yi maganarsa ba?

Tsohon Injiniya, Kaduna:

'Yata ta Minna, maganarki gaskiya ce, kuma ba ta rushe tawa ba, domin kuɗin da ba a tara ba shi ne birekar da ba a canza ba. Inda zan tsaya a kan ra'ayina shi ne cewa ko an gyara rabon gobe, aka ce Kano ta ɗauki ninkin abin da take samu, layin da ya taso daga Mando da taransifomomin Kumbotso ba za su ɗauki abin da ya wuce iyakarsu ba. Dole a yi gyaran biyu tare, kuma na ƙarfe ya fi cin lokaci, saboda babbar taransifoma ba a ajiye take a kanti ba. Sai an yi odarta daga waje gwargwadon tashar da za ta zauna, a jira fiye da shekara, a sauke ta a tashar jiragen ruwa, sannan a jawo abin da ya haura tan ɗari a kan titunanmu da gadojinmu har Arewa. Yarjejeniyar da aka ƙulla da kamfanin Siemens a 2019 ta sa burin kai wa megawat 7,000, sannan 11,000, sannan 25,000, amma har yau mafi yawan abin da layin ƙasa ya taɓa ɗauka a lokaci guda bai kai 6,000 ba, alhali injinan da aka girka a ƙasar sun kai kimanin 13,000.

Wannan tazara ita ce amsata game da Mambilla, Alhaji. Ina son aikin, domin tsaunin yana da gangaren da babu irinsa a ƙasar nan, kuma megawat 3,050 da aka tsara a kwangilar 2017 ta kusan dala biliyan 5.8 ba ƙaramin abu ba ne. Amma aikin ya maƙale a taƙaddamar kwangila da ta kai gaban kotun sasanci a Paris, kuma ko babu ita, wurin yana can kusa da iyakar Kamaru, nesa da duk wata babbar tasha, sai an ja ɗaruruwan kilomita na sabon layi kafin wutar ta taɓa kowa. Idan kuɗin aiki ɗaya ne a hannu, ni zan fara da rufe zoben Arewa: layi na biyu daga Kaduna zuwa Kano, sannan layin 330 daga Birnin Kebbi ya bi ta Sakkwato zuwa Katsina ya sauko Kano, ta yadda wutar Kainji za ta sami hanyar zuwa gare ku wadda ba ta ratsa dajin Shiroro ba. A haɗa da na'urorin daidaita ƙarfi a Kano da kammala SCADA. Tarihinmu ya nuna abin da yake faruwa idan aka yi akasin haka. Madatsar Dadin Kowa a Gombe an gama ta tun shekarun 1980, amma megawat 40 ɗinta ba su shiga layi ba sai bayan fiye da shekara talatin, injinan Gurara masu megawat 30 kuma sun daɗe a girke suna jiran layin da zai kawo wutarsu Kaduna. A Kashimbila ta Taraba an fi yin dabara, domin an gina layin 132 da tashoshin Takum da Wukari a matsayin ɓangaren aikin.

Game da Tiga, megawat 10 ne, kuma kada ka raina su, domin idan aka keɓe su ga rukunin masana'antu da injinan ruwan sha ta layin 33 na musamman, za su yi aikin da ake gani. Sai dai akwai sharuɗɗa biyu. Na farko, an gina Tiga a 1974 domin noma da ruwan sha, don haka buƙatar gonakin Kadawa da Kura da haƙƙin mutanen Hadeja da Nguru da suke ƙasa su ne suke tsara lokacin sakin ruwa, injin wuta kuwa bin wannan tsari yake yi, ba zai ba da cikakken ƙarfinsa kowane wata ba. Haɗa shi da tashar hasken rana zai taimaka, rana ta ɗauki yini, a tattala ruwa domin dare. Na biyu, ƙaramar tasha da aka jona da layin ƙasa takan mutu tare da shi idan ya faɗi, sai fa idan an sa mata na'urar da za ta raba ta da shi nan take, da mai daidaita gudun farfela da zai iya riƙe bugu 50 shi kaɗai, da kuma na'urar da za ta sake haɗa su idan wutar ƙasa ta dawo. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, saboda haka wannan abu ne da ƙungiyarku ta masu casar shinkafa za ta iya fara nema a Kano.

Kafin ku je, ku tattara bayanai uku a rubuce: sunan fidar 33, wato layin kilobolt 33, da take ba ku wuta da tashar da ta fito, yawan kayan da taransifomar wannan tasha take ɗauka da yamma idan aka kwatanta da iyakarta, da jimillar kilowat da injinanku suke buƙata tare da abin da kuke kashewa a dizal kowane wata. Adadi na ƙarshen nan shi ne zai nuna wa duk mai son zuba jari nawa za ku iya biya a kan kowane yunit, kuma da shi ne za a san ko layi na musamman daga Tiga zuwa Kura zai mayar da kuɗinsa.